Madubin Dama na Motar Mahaifina

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, ina kwana a ɗakin ƙofar gidanmu a Ƙofar Sauri, na taɓa zama gwanin canza madubin mota. Kada ku fara turo mani motocinku, gwanintar tawa a mota guda ta tsaya, a gefe guda kuma: madubin hannun dama na motar mahaifina. Ni da ko ƙwan lantarki ya mutu a ɗakina sai in yi mako ina lalube a duhu, sai ga ni ina yawo da sukudireba a aljihun kaftani.

Mahaifina ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba. Ko lokacin da ofis ya ba shi direba, a gefe bawan Allahn yake zama yana riƙe mashi jaka. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, ta girmi autarmu. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa gonarshi da ke gaba da Batagarawa kaɗan. In aka yi rasuwa a wata unguwa, shi ke kwasar tsofaffin majalisarsu zuwa ta'aziyya. Abokan nashi duk sun ajiye tuƙi, sai jiran 'ya'ya, in 'ya'yan sun samu sarari. Shi kaɗai ya rage a cikinsu mai iya miƙewa ya kaɗe riga ya ce, "Ku shigo mu je." Duk wanda ya san shi ya san yadda yake ji da wannan maganar.

Yayana da ke aiki a Abuja ya daɗe yana zancen a samo mashi direba. Amsar Baba ba ta canzawa: "Ranar da na kasa, ni zan faɗi da bakina." Daga nan zancen ya mutu sai wata sallar.

Wata safiya na fito zan tafi makarantar da nake koyarwa, na tarar da madubin dama ya karye yana reto a jikin ƙofa. Baba na tsaye da hannu a baya yana kallonshi.

"Yaran ga masu acaɓa ba su da tarbiyya," in ji shi. "Ya buge ni ya wuce, ko waiwaye."

Na ce, "Allah ya kyauta, Baba."

Sai dai fasassun gilashin a gindin ginshiƙin get ɗinmu suke, ga fentin motar ma a jikin ginshiƙin. Na gani sarai. Da ya shiga ciki na ɗauko tsintsiya na share, na samu ƙasa na goge fentin. A gidanmu ba a ce wa uba "ba haka aka yi ba." Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, mun tashi ne mun tarar ba a yi.

Abin da ya sa ban kai motar gareji ba shi ne bakaniken Baba na Ƙofar Ƙwaya shi ne dai bakaniken yayana in ya zo gari, kuma suna waya kamar 'yan uwa. Kafin a ɗaure noti na ƙarshe labari ya kai Abuja, zancen direba ya taso sabo, gida ya yi kwanaki ba daɗi. Sai na ce, madubi ne fa, ba inji ba. Na kira wani abokina, wanda yake da mota kuma yake ganin ya san komai a kanta, muka nufi wajen masu kayan gyara.

Mai shagon ya ce, "Malam, na dama ko na hagu?"

Na ce, "Ai madubi madubi ne, ba ni mai kyau dai."

Abokina ya juya baya yana dariya har da riƙe ciki. Ashe kamar takalmi suke, kowane da ƙafarshi. Muka samu ɗan Beljiyam, wato na hannu, na dama wanda launinshi ya kusa da na motar, in ba ka matso sosai ba.

Na bari sai da Baba ya shiga barcin bayan azahar, na jingina waya a kan kujera ina kallon bidiyon wani mutum da ya yi aikin kafin ka shanye kofin shayi. Ni kuwa har aka kira la'asar ina fama. Akwai wata 'yar roba mai kusurwa uku daga cikin ƙofar, ita ke rufe notocin da suka riƙe madubin. Mutumin bidiyo ya ɗan taɓa ta da bakin sukudireba ta fito salin-alin. Tawa sai da na karya mata haƙori. Na kwance notocin, na zare tsohon, na zura sabon, ina murna, sai noti guda ya suɓuce daga yatsuna ya faɗa cikin ƙofar. Na leƙa, na girgiza, na yi Innalillahi, bai fito ba. Ƙarshe a jikin tsohon keken ƙanena na kwanto wani. Wancan notin kuwa ya zauna a cikin ƙofar, in aka shiga gargada sai ka ji shi yana ƙararrawa.

Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya ya shafa madubin da hannu, ya wuce. Da dare sai na ji yana ce wa mahaifiyata a ƙara mani nama a tuwo. A wajenshi wannan ita ce godiya, ni kuma na ji ta har cikin raina.

Da damina ta kama, madubin ya sake karyewa. Wannan karon amalanke ce ta goge shi a hanyar gona, haka ya ce. Ban ko buɗe bidiyo ba. Na toshe ramin ƙofar da tsumma saboda noti, na gama kafin shayina ya huce, na ja baya ina kallon aikina ina jin kaina. Abokina ya ce saura in rataya allo in ɗauki yara. Sai kuma ya ce, "Wai kullum na dama?"

Na ce, "Ai ta dama 'yan acaɓa ke ratsowa."

Ya ce, "Haka ne kuma."

Gaskiya ce, ta dama suke ratsowa. Shi ya sa amsar ta zauna mani daram, ban sake juya ta ba.

Na ukun shi ne wanda ya sa nake ba ku labarin nan. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Wannan karon ko dalili Baba bai kawo ba, ni ma ban tambaya ba. Madubin da na samo mai tauri ne, ba ya jin ɗan maɓallin ciki, sai an tura gilashin da yatsa daga waje. Irin wannan mutum ɗaya ba ya iya saita shi. Dole wani ya zauna a sitiyari, wani ya tura, ya koma bayan mota ya tsaya a ga ko ya fito a ciki. Ina cikin tunanin wa zan kira sai ga Baba ya fito, bai yi barcin ba.

"Bari in zauna ka saita mani daidai idona," ya ce. "Wancan da ka sa ƙasa yake kallo."

Ya shiga ya zauna. Na zagaya na tsaya wajen tayar baya.

"Baba, ana ganina?"

"Ɗan ɗaga shi sama."

Na dawo na tura gilashin. Sai na ji kamar gindin madubin yana motsi, na tsaya ina girgiza shi in ji ko noti ne bai ɗauru ba. Ina tsaye a bakin tagar, farin kaftanina ya rufe madubin gaba ɗaya, tafin hannuna a kan gilashin. In ya miƙo hannu zai taɓa ni. Sai ya juyo da fuska wajena, ya ƙanƙance ido, ya ɗaga murya yadda ake yi wa wanda ke nesa.

"Yauwa, ya yi. Ga ka can ina hangenka wajen taya. Ɗan ƙara ja da baya mu gani."

Na kalli fuskarshi. Idanun nan da muke tsoro tun muna yara, waɗanda in suka kalle ka sau ɗaya ka san laifinka, suna kaina amma ba su same ni ba. Farin rigata ya gani ya ɗauka ni ne a cikin madubi.

Kun san abin da na yi? Ban ce "Baba, ga ni nan" ba. Na zare hannuna a hankali, na lallaɓa da sanɗa na koma wajen tayar, na ja baya kamar yadda ya ce.

"Haka, Baba?"

"Haka," ya ce. Ya fito ya kulle motar ya shiga gida.

Na samu mahaifiyata a tsakar gida tana tsinkar zogale a faranti. Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata abin da ya faru, murya ƙasa-ƙasa. Ina jiran ta saki farantin ta yi salati. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Sai yau ka gani?" ta ce.

Ashe tun kafin azumin da ya wuce ta mayar da butarshi hannun hagu. Kwanon abinci, kofin ruwa, carbi, rediyo, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta sauya masu wuri ba tare da ta ce uffan ba. In za ta yi mashi magana, ta hagu take zagayowa. Ta ce maƙwabcinmu da suke tafiya masallaci tare ya daɗe da komawa damanshi, shi ke tare mashi kwata da babura. Autarmu ma ta daina barin takalma a bakin ƙofar ɗakinshi.

Na ce, "Inna, to mi ya sa ba wanda ya yi magana?"

Sai a lokacin ta dube ni. "In ce mashi mi? Shekara nawa muna tare, ban taɓa buɗe baki na ce mashi ya kasa wani abu ba. Kai da kake namiji, ɗanshi, madubi nawa ka canza? Ka faɗa mashi?"

Ina ta ganin ni kaɗai ke rufa wa Baba asiri da 'yar sukudirebata, ashe gidan gaba ɗaya, har da maƙwabta, kowa na can yana nashi gyaran a ɓoye, kowa na kunyar ɗan'uwanshi ya sani. Duk muna son shi, kuma duk mun bar shi yana hawa titi da rabin gani.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne washegari Asabar, ranar gonarshi. Hanyar nan akwai 'yan makarantar Islamiyya da ke tsallakawa a guje, akwai mata masu talla a bakin kwalta, duk ta hannun dama. Ginshiƙi ba ya jini, amalanke ma haka. Na kira abokina. Ya ce in zare wata waya a inji in ce mota ta ƙi tashi. Na ce in ta ƙi tashi bakanike zai kira, a gyara kafin hantsi, in ƙare da zama maƙaryaci. Ya ce to in kira yayana. Na san in umarni ya zo daga Abuja, Baba zai tuƙa motar nan ko don ya nuna bai mutu ba. Ba yadda na iya, na yanke cewa ni zan faɗa mashi. Na tsara maganar tsaf, har da inda zan sa "don Allah" da inda zan sa "a gafarce ni."

Da safe na riga shi zuwa wajen motar. Ya fito cikin rigar gona, makulli a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi kwanan jiki, na tambayi nashi. Gaisuwa ta ƙare, lokacin maganata ya yi, sai na neme ta na rasa. Wallahi ko kalma ɗaya ba ta rage a kaina ba. Ina durƙushe ina kallon takalmanshi.

Shi ya yi magana.

"Ƙafar ga tawa ta dama ta kwana tana damuna. Ban jin zan iya taka birki yadda ya kamata. Halan kana da wani aiki yau?"

"Babu, Baba."

Ya miƙo makullin. Ɗan gefe da ni ya miƙa shi, inda yake zaton nake. Na matsa na karɓa da hannu biyu.

Ƙafar nan lafiyarta ƙalau. Da ita ya zagaye gonar ranar, ni ne ma na riƙa haki a bayanshi. A hanya kuwa ban huta da faɗanshi ba: na cika taka birki, na cika son hon, wa ya koya mani sa giya haka kamar mai jin haushin mota. Na riƙa cewa "To, Baba," ina jin wani irin sauƙi da baƙin ciki a haɗe, har na rasa wanne ya fi yawa. Muna dawowa, mun kusa shiga gari, ya ce, yana kallon gaba:

"Uwarku na ƙorafin idonta kwanan nan. Ka nemi rana mu kai ta asibitin ido. Ni ma sai in raka ta."

Da na faɗa wa mahaifiyata, ta ce, "Ai kuwa yana yi mani ƙaiƙayi." Ta tashi ta ɗauko mayafi ta ajiye kusa.

A asibitin, likitar ta duba mahaifiyata, ta ba ta ɗan magani don kada a ce ba a yi komai ba. Sai ta ce, "Alhaji, tunda an zo, a zauna mana a duba." Ya zauna kamar alfarma yake yi mata. Hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe a hankali, ba zafi ba ja. Na dama ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu ya taɓu, amma ana iya riƙe abin da ya rage in aka dage da maganin ɗigawa kullum. Ta ce da an zo da wuri da an ceci fiye da haka. Ba da faɗa ta faɗa ba, amma na kasa kallon mahaifiyata, ita ma ba ta kalle ni ba. Da likitar ta zo kan maganar tuƙi, Baba ya tare ta: "Wannan kuma dama ƙafa ta hana ni."

Haka zancen ya zauna a unguwa. A majalisa, a masallaci, kowa sai ya ce, "Alhaji, ya ƙafa?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ba wanda bai san gaskiya ba. Yayana, da na yi mashi bayanin komai a waya, bayan kwana biyu sai ga saƙon man zafi daga Abuja, na shafawa a ƙafa. Zancen direba kuwa bai sake tayar da shi ba. In aka yi rasuwa, Baba ne dai ke miƙewa ya kaɗe riga ya kira tsofaffin, ni in biyo baya da makulli.

Sau ɗaya tak muka yi maganar a fili, shi ma bayan an kwana biyu. Muna dawowa daga gona ne, mu biyu, ya kashe rediyo.

"Ranar nan da kake saita madubi," ya ce, "na ji takunka. Daga nan kusa da ni ka tashi ka koma baya."

Na riƙe sitiyari da kyau.

"Na ji daɗi da ba ka yi magana ba. Da ka yi, da washegari ni zan tuƙa, na san halina." Ya ɗan nisa. "Amma wani lokacin in na rufe idon hagun na ga duhu, sai in ji haushin da ba wanda ya yi magana tun farko. Har ni."

Ya kunna rediyonshi. Ba mu sake komawa kan zancen ba har yau.

Na daɗe ina juya waɗannan maganganu biyu nashi, kuma ban iya zaɓar ɗaya na yar da ɗaya ba. Kunyar nan tamu ita ta ba dattijo damar sauka daga kujerarshi da kanshi, ba wanda ya janye shi, ba wanda ya ga hawayenshi. Ita ce kuma ta sa muka zuba ido har ido guda ya tafi. In na tuna da farin cikin da na yi ranar da aka ƙara mani nama, sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da kawai zan iya ce maku, in kuka ga babba a gida ya fara karo da abubuwa ta gefe guda, ko yana zubar da kofin da ke kusa da shi, kada ku tsaya gyara kofin kawai. In baki ba zai iya faɗa ba, ku nemo dalilin da zai kai shi gaban likita da mutuncinshi, ko da idon wani za a ara.

Baba na nan da ranshi, alhamdu lillahi. Na hagun ya riƙe. Yana karatu da babban bugu, yana gane jikokinshi in suka zo ta gefen da ya dace, su ma sun koya ba tare da an faɗa masu ba. Tsohuwar motar an sayar, a tawa nake kai shi gona yanzu. Hanyar nan na bi ta har ba na iya ƙirgawa, na san kowane rami a kanta. Amma duk sanda muka kusa inda ake sauka daga kwalta, sai in rage gudu in ce, "Baba, nan ne ko gaba?"

Sai ya gyara zama, ya yi tsaki. "Gaba kaɗan, bayan bishiyar can. Kai har yanzu ba ka san hanya ba?"

In ce, "Ina dai koyo, Baba."